Farin da Na Rufe da Tawada

Ni mai hoto ne, ko in ce na taɓa zama mai hoto, tunda yanzu kowa da wayarsa a aljihu, ba mai neman irinmu. Shagona yana unguwar Zariya a Maraɗi. Ɗaki ɗaya ne, da labule mai zanen bene da jirgin sama, da kujerar ƙarfe, da wata tukunyar furen roba da ta shiga hoton rabin amaren unguwar. A bayan labulen akwai lungu mai duhu inda nake wanke hoto baƙi da fari da hannuna. Mai kala kuwa ba mu da injinsa kusa a lokacin, sai in tara fim in ba wani direba ya kai Kano, bayan mako ya dawo mini da hotunan a cikin ambulan.

Shekarun da aka buɗe siyasa a ƙasar nan su ne shekarun da kaina ya fi kumbura. Jam'iyyu sun yi yawa har ba ka iya riƙe sunayensu, kowace da katinta, kowane kati kuma yana son hoto. Tsofaffin da ba su taɓa zama gaban kyamara ba suka riƙa zuwa daga ƙauyuka, su zauna a kujerata su sandare, ina yi musu tsawa su ɗaga haɓa. Ƴan takara kuma suna so in rage musu tumbi in ƙara musu haske. Ma'aikatan gwamnati na ta yajin aiki, watanni ba albashi, makarantu a rufe, amma ni shagona a cike yake. Ina da saurin fushi tun ina yaro, samun da na yi kuma bai rage shi ba. Duk wanda ya ce hotona bai yi kyau ba sai in ce masa ya je ya tuhumi fuskarsa.

Abin da na fi taƙama da shi shi ne gyaran ido. Duk wanda ya yi aiki da filas, wutar nan da ke walƙawa a kan kyamara, ya san halinta. In ta shiga idon mutum kai tsaye, hoto mai kala yakan fito da ƙwayar ido ja wur kamar garwashi. Ba wanda zai karɓi hoton matarsa da jajayen idanu. Maigidan da ya koya mini sana'a shi ya koya mini maganin abin: alƙalami mai siririn baki da baƙar tawada, ka ɗiga ɗigo ɗaya a tsakiyar idon a kan takardar hoton, ka bar ɗan gefe kaɗan don idon ya yi rai, ka ajiye ya bushe. In ka iya, ko wanda aka ɗauka ba zai gane an taɓa ba. Ni kuwa na iya. Har masu hoto na bakin kasuwa sukan kawo mini nasu in gyara, ina yi ina yi musu dariya.

Sai aka karya darajar kuɗinmu, sefa, farashin fim ya tashi ya bar mu a ƙasa. Na fara sayen fim ɗin da kwanansa ya wuce a wurin wani ɗan kasuwa, a ɓoye, in cire kwalin in jefar kafin in iso shago. Wani lokaci ya yi daidai, wani lokaci farar riga ta fito kore-kore. Kunyar abin nake ji ƙwarai, ni da ke kushe aikin kowa. Sai ya zama duk aibin da na gani a hoto, kafin in yi tunanin komai na ɗora wa fim ɗin, hannuna kuma ya kai ga alƙalami don kada wani ya gani. Ina cikin wannan hali ƙanwata ta kawo mini ɗiyarta.

Ƙanwar nan tawa ita ce autarmu, uwa ɗaya uba ɗaya, tana aure a Jiratawa. Mijinta manomin rani ne, yana da fili a bakin kanal, hanyar ruwan noman rani, inda yake shuka albasa da tattasai, da layin zogale a gefe. Mutum ne marar magana, mai girmama ni fiye da yadda na cancanta. Ɗiyarsu ta fari sunan Innarmu aka sa mata, saboda haka ba mai kiran sunan a gidanmu. Ni “uwata” nake ce mata. In na ce, “Uwata, yau ba ki ba ɗanki abinci ba,” sai ta ciro abin da ke bakinta, ko gyaɗa ko rogo, jiƙe da miyau, ta miƙo mini. Kuma dole in ci, in ba haka ba ta ɓare baki ta tara mini unguwa.

Da ƙaramar Salla ne, tana da shekara biyu da ƴan watanni. Sun biyo ta Maraɗi za su Tsibiri gaida Inna, suka tsaya shagona. An yi mata kitso, an rambaɗa mata kwalli, ga lalle har wuyan hannu, ga wani takalmi mai kuka in ta taka. Ta ƙi zama a kujera sai da na ba ta furen robar ta riƙe. Na yi mata fito, ta ɗago kai, na danna. Bayan mako ambulan ya dawo daga Kano. Idonta na dama ya fito ja, irin wanda na saba gani. Na hagu kuwa, ƙwayar tsakiyar nan da ya kamata ta zama baƙa ta fito fara tas, kamar an ɗiga nono.

Na tsine wa mai sayar da fim, na haɗa da masu wankin Kano. Na ɗauko alƙalami na ɗiga wa na dama, na ɗiga wa na hagu, na hura, na ajiye. Hoton ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Da na kai mata, ƙanwata ta soke shi a jikin madubin ɗakinta.

Bari in faɗi abin da ban sani ba a ranar, kada in ja wa mai karatu rai. Farin nan ba daga fim yake ba. Ciwon daji ne da ke tsirowa a can cikin idon ƙananan yara, hasken filas ya shiga ya same shi ya dawo. In an gano shi yana ƙarami, bai wuce cikin idon ba, ana iya ceton yaron ko da za a rasa idon. In an bar shi, sai ya bi jijiya ya shige cikin kai. Ran uwata ne a kan teburina ranar nan, ni kuma abin da ya dame ni kada a gane fim ɗina tsoho ne.

Hoto na biyu a Tsibiri na ɗauke shi, bayan babbar Salla, wurin sunan ɗan wani ɗan'uwanmu. Ɗan'uwan nan shi ya kawo fim ɗinsa daga Yamai, sabo fil, a kwalinsa. Aka tara yaran dangi a kan tabarma cikin ɗakin Inna, uwata a tsakiya tana cin waina. Da hotunan suka dawo, yara wajen bakwai, wasu idonsu ja, wasu baƙi, ita kaɗai ce da fari, kuma a hagu.

Ba zan ce ban lura ba. Na lura. Har na buɗe akwati na ciro kilishen hoton ƙaramar Salla, wato baƙin fim ɗin da ake buga hoto daga gare shi, na ɗaga shi a hasken ƙofa na gwada. Ido ɗaya ne, wuri ɗaya ne. Wani abu ya ɗan sosa mini zuciya. Amma a daidai lokacin mutum biyu na zaune a shagon, ƴan wata jam'iyya, suna jiran hoton ɗan takararsu, suna ta duba agogo suna cewa zan sa su faɗi zaɓe. Na ce a raina kwallin da ake cika mata ne ke ƙyalli, tunda kwalli dutse ne, yana da walƙiya. Bayanin ya zauna mini daidai, na ji daɗinsa, na ɗiga tawada na juya ga masu siyasa.

Da na haɗu da ƙanwata na ce mata, “Ke, ki rage wa yarinyar nan kwalli, kina ɓata mini hoto.”

Ta yi dariya ta ce, “Yaya ke nan. Kwallin ma sai ka yi faɗa da shi?”

Ban gaya mata abin da na gani ba. Da na gaya mata, dole in ce ina gyara hotuna da alƙalami, ni kuwa ba na so ko ƴan gidanmu su san cewa kyawun hotona da hannu ake ƙarasa shi.

Damina ta zo ta wuce. Bayan an cire gero, aka kira ni Jiratawa ɗaukar wani taron jam'iyya, na hau babur na tafi. Da aka tashi na biya gidan ƙanwata. Uwata ta taho da gudu za ta tarye ni, sai ta yi karo da turmi ta gefen hagu, ta faɗi. Turmin nan a wurinsa yake tun kafin a haife ta. Na ɗauke ta ina dariya, na ce, “Uwata ta tsufa, ba ta gani.” Kowa ya yi dariya. Na ga kuma idon ya ɗan karkace, yana kallon wajen hanci, amma yara da yawa kan yi haka ya wuce. Akwai saura biyu a fim ɗina, magariba ta kawo kai, na ce wa uban ya ɗauke ta a cinya, na ɗauke su.

Wannan karon farin ya cika ƙwayar gaba ɗaya. Na daɗe ina kallonsa. Na ce lalle zan yi musu magana a kai ta a duba. Sai na tuna ana yajin aiki, wataƙila ma ba kowa a asibiti. Na tuna kuma zaɓe ya matso, aiki ya yi mini yawa, in na tayar da maganar ni za a ce in raka su. Na ce sai bayan zaɓe. Uban zai shigo gari ranar kasuwa ya karɓi hoton, ba kuma zan miƙa masa ɗiyarsa da farin ido ba. Na ɗiga na uku. Aka yi zaɓe, aka shiga rigimar da ta biyo bayansa, ni ma ina cikin masu zama bakin shago da rediyo muna gardama a kan wa ya fi wa, maganar ido ta fita daga kaina.

Da zafi ya shigo idon ya yi ja, ya fara ruwa, yarinya ta riƙa kuka tana murza shi. Inna ta ce hakiya ce, aka ɗiga nonon mai jego, aka wanke da rubutu. Wata gwaggon mijin, mai bori ce a wani ƙauye bayan gulbi, ta ce iska ce ta bakin ruwa ta taɓa ta, aka yi turare. Da labari ya iso mini na hau babur na je na zazzage su tas. Na ce su jahilai ne, za su makantar da yarinya da camfi, ana zaune ƙarshen zamani suna hayaƙi a ido. Ƙanwata ta sunkuyar da kai. Har yau in na tuna bakin da na yi ranar nan sai in ji kamar in nutse. Su aƙalla sun ga ciwo sun tashi nema masa magani da abin da suka sani.

Muka kai ta wurin majo, babban ma'aikacin ɗakin shan magani na garin. Mun same shi a bakin aiki duk da watannin da ya yi ba albashi. Ya haska mata tocila a ido, na ga fuskarsa ta canza. Ya rubuta takarda ya ce mu wuce Maraɗi a ranar, kada mu ce sai gobe. A Maraɗi aka duba aka ce wannan aikin likitan ido ne, ko Yamai ko Kano. Kano ta fi kusa, kuma na san mota. Direban da ke kai mini fim shi ya ɗauke mu, ni da ƙanwata da mijinta da yarinyar.

Likitan da ya duba ta dattijo ne, Bahaushe, mai magana a hankali. Bayan an gama gwaje-gwaje ya ce uwar ta zauna waje da yarinya, ya kira mu maza ciki. Ya faɗi sunan ciwon, ya bar mu muka haɗiye shi, sannan ya tambayi uban, “Tun yaushe kuka fara ganin fari a idon?”

Ya ce, “Ranka ya daɗe, wata biyu ke nan da ya fara ja.”

Likita ya girgiza kai. “Wannan ya fi shekara yana girma. Da yawa a hoto ake fara ganinsa. In an ɗauki yaro da filas, sai ido ɗaya ya fito ja, ɗaya fari. Wanda aka kawo mana a wannan lokacin, galibi muna samun sa'a. Ba a taɓa ɗaukarta hoto ba?”

Mijin ƙanwata ya juyo gare ni, har da ɗan murmushi, irin na wanda ya samu amsar da zai bayar. Ya ce, “Ai ga kawunta nan, mai hoto ne, duk Maraɗi an san shi. Hotunanta uku gare mu, idonta lafiya lau a ciki.”

Likita ya dube ni. Ban san ko ya san sana'armu ba, ban san ko ya taɓa jin labarin alƙalami ba. Kallo ne kawai na mai jiran amsa. Na ce, “Eh, lafiya lau suka fito.”

Ya ce, “To, Allah mai iko,” ya ci gaba da bayani. Ya ce dole a cire idon, amma yana tsoron ciwon ya riga ya bi jijiya, ba zai yi mana alkawarin komai ba. Uban ya fita ya yi sallar azahar, ya dawo ya dangwala yatsa a takarda.

Aka cire idon, muka dawo gida. Ta samu watanni masu daɗi, wannan kam na gode wa Allah. Ciwon ya lafa, ta koma cin abinci, ta koyi juya kai gaba ɗaya in za ta kalli hagu. Ta riƙa bin ubanta bakin kanal da ɗan ƙyalle a fuska, tana tsinke masa tattasai tun bai nuna ba. Ni kuma kowace Juma'a ina Jiratawa da biskit da lemo, har ana cewa ba a taɓa ganin kawu irina ba. Ƙanwata ta ce, “Yaya, Allah ya bar zumunci, ka yi mana abin da uba ke yi.” Na ce ba komai. Duk godiyar da suka yi mini tana nan a wuyana.

Bayan damina ta fara ciwon kai, tana amai da safe, gurbin idon ya kumbura. Muka koma Kano. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ba da maganin rage zafi ya ce mu kai ta gida cikin ƴan'uwanta. Ranar Juma'ar ƙarshe da na same ta da hankalinta, tana kwance a cinyar uwarta, na ce, “Uwata, ɗanki ya zo.” Ba komai a bakinta, amma ta kai hannu ta taɓa leɓenta ta miƙo mini, na karɓa na yi kamar na ci. Ta rasu cikin sanyi, tana da shekara huɗu, a makon da sojoji suka karɓe mulki. A wurin zaman makoki mutane na yi mana gaisuwa, in sun koma gefe su yi ƙasa da murya su shiga maganar juyin mulkin Yamai. Ban ga laifinsu ba, da ɗiyar wani ce ni ma haka zan yi.

Shekaru bayan haka na sake ganin farin nan sau ɗaya, a hoton ɗan wani mai sayar da atamfa. Ban jira ya zo karɓa ba, na kai masa har gida. Ya ce ina yi wa ɗansa baki, ya kore ni. Na tsaya a ƙofar gidansa ina ɗaga murya har maƙwabta suka fito, ban tafi ba sai da ya rantse zai kai shi. Ranar ce kaɗai na san fushina ya amfani wani. Yaron ya rasa ido, amma yana nan, tela ne a kasuwa, har ya yi aure. Mutane kan ce wannan ya isa ya sanyaya mini zuciya. Bai sanyaya ba, don duk ganin da zan yi masa sai in lissafa shekarun da uwata za ta kai.

Amma wannan daga baya ne. Bayan sadakar arba'in na je Jiratawa duba ƙanwata. Na same ta ita kaɗai a tsakar gida, ta baje tabarma tana zage ganyen zogale a faifai. Muka gaisa, na zauna a kan kujerar tsuguno. Can ta ce, ba ta ɗago ba, “Yaya, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, ko babanta.”

Na ce, “Ina ji.”

Ta ce, “Tun ba ta cika biyu ba nake ganin abin nan. In na kunna fitila da magariba ta juyo, sai in ga idon ya yi wal, kamar na mage. Gabana ya yi ta faɗuwa. Har na ɗaure zane wata safiya zan kai ta wurin majo, sai na ce bari a yi Salla tukuna. Da ka kawo hoton nan na Salla, idon na fara dubawa. Na ga su biyun baƙaƙe wuluk. Na ce to, idona ne ke yi mini gizo, hoto ai ba ya ƙarya. Kowane ka kawo haka nake yi, in shiga ɗaki in duba, hankalina ya kwanta.”

Ba zargina take yi ba. Mamaki take, yadda ciwo zai ɓuya har ga kyamara. Ta share ido da bakin mayafi ta ce, “Ina son ka ƙara mini girman na Sallar nan, in sa a gilashi. Shi ne wanda ta fi kyau.”

Na ce to. Na tashi na hau babur, ban san yadda na iso Maraɗi ba.

Ƙara girman hoto ba daga takarda ake yi ba, daga kilishe ake yi, kilishe kuwa tawada ba ta taɓa shi ba. Na ba direba, bayan mako ya kawo. Ga uwata da kitsonta da furen roba a hannu, fuskarta ta kai tafin hannuna, farin kuma ya kai girman maɓallin riga. Kwana uku yana kan tebur a kife. Ran na huɗu na sa shi cikin ambulan yadda yake, na tafi Jiratawa.

Tana wanki na same ta. Na ce ta goge hannu. Na miƙa mata, na gaya mata komai a tsaye: alƙalamin, da tsohon fim, da na Tsibiri, da maganar kwalli, da na magariba, da cewa sai bayan zaɓe, da amsar da na ba likita a gaban mijinta. Ban rage komai ba, ban kuma nemi gafara ba, don na ga ban kai matsayin nema ba tukuna. Na so ta zage ni. Da ta ɗauki muciya ta rotsa mini kai da na ji sauƙi.

Ta daɗe tana kallon hoton. Ta kai yatsa ta taɓa farin a hankali. Ta ce, “Ashe ba idona ba ne.”

Na ce, “Ba idonki ba ne.”

Ta ce, “Sau uku, Yaya?”

Na ce, “Sau uku.”

Ta gyaɗa kai. Ta mayar da hoton cikin ambulan, ta lanƙwasa bakinsa, ta miƙo mini da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba abu. Ta ce, “Kada babanta ya ga wannan. Ka gyara mini shi kamar na da.”

Ta koma ta durƙusa kan wankinta. Na dawo da shi Maraɗi na gyara.